Inda Gandalf Ya Samo Sunansa

Littafin da mutanen Aislan suka fi alfahari da shi ba shi da kyan gani. Ɗan ƙarami ne, an rubuta shi a kan fatar maraƙi wajen shekarar 1270, hayaƙi da gumin hannu sun rine shi ya koma ruwan ƙasa. Warƙa 45 suka rage, takwas sun ɓata daga tsakiya. Wani bishop ne ya aika wa Sarkin Denmak shi kyauta a 1662, shi ya sa suke ce masa littafin sarki, ya kuwa share fiye da shekara ɗari uku a Kopenhagen. Ranar 21 ga Afrilu, 1971 aka dawo da shi gida a jirgin ruwan soja, dubban mutane suka cika bakin tasha don tarbarsa. Yanzu yana Reykjavik, a ginin Edda na jami'ar ƙasar, inda na tarar da shi cikin akwatin gilashi, a ɗakin da aka rage wa haske don kada tawadar ta dushe.

Waƙar farko a cikinsa, Voluspa, wata bokanya ce take ba Odin, babban gunkin mutanen Arewacin Turai na da, labarin farkon duniya da ƙarshenta. Tana tsakiyar zance sai ta ratse ta shiga lissafo sunayen wadanni, wasu halittu masu zama cikin duwatsu, gwanayen ƙira. Masana da yawa na ganin daga baya aka cusa wannan jeri, kuma gaskiya ba ya ƙara wa waƙar komai. To amma duk wanda ya karanta The Hobbit na J. R. R. Tolkien, wanda ya fito a 1937, ko ya kalli fina-finansa, zai ji kamar ana kiran sunayen 'yan ajinsu. Thorin da Fili da Kili da Bifur da Bombur da Nori, duk suna cikin tsofaffin jerin nan. Daga wadanni goma sha ukun da suka cika gidan Bilbo suka cinye masa abinci, Balin kaɗai ne babu sunansa. Gandalf ma yana ciki, a matsayin wada. Tolkien kansa, a rubutunsa na farko, shugaban wadannin ya ba wa sunan Gandalf, tsohon matsafin kuwa Bladorthin yake kiransa, sai daga baya ya sauya. Ya yi dabara, don ban ga yadda yaro zai riƙe Bladorthin a baki ba.

Tolkien bai taɓa taka ƙasar Aislan ba. Daga Oxford ya san ta, inda yake koyar da tsohon Turanci, har a 1926 ya kafa wata 'yar ƙungiyar malamai da suke haɗuwa suna karanta labaran Aislan cikin harshensu na asali, C. S. Lewis na cikinsu. Abin da ya ɗebo bai tsaya ga sunaye ba. Tsohon nan mai dogon gemu da faffaɗar hula da sanda, wanda yake ɓullowa ba a gayyace shi ba ya ɓace ba sallama, siffar Odin ce in ya yi ɓad-da-kama yana yawo cikin mutane. Gasar kacici-kacicin da Bilbo ya yi da Gollum a cikin kogo, wadda aka sa rai a matsayin fansa, ita ma tsohuwa ce: a labarin Sarki Heidrek, Odin ya zo da kamannin wani mutum ya yi ta jefa wa sarki kacici-kacici yana warwarewa, da ya ga ba zai ci nasara ba sai ya tambayi abin da shi kaɗai ya san amsarsa. Haka Bilbo ya yi da ya tambayi abin da ke cikin aljihunsa. Maguɗi ne a duka biyun, kuma a duka biyun wanda aka cuta ya fusata ya nemi kai hari.

Duwatsun ƙasar ma suna da nasu labarin. A gaɓar tekun Vik, a kudu, inda yashi yake baƙi wuluk, wasu dogayen duwatsu sun tsaya cikin ruwa. Mutanen wurin na cewa dodanni ne da suka tsaya jan jirgin ruwa cikin dare, gari ya waye musu suka daskare. Dodanni ukun da suka kama wadannin Thorin a The Hobbit, suka ɓata dare suna gardamar yadda za su dafa su, haka suka ƙare.

Abin da na fi son in gani shi ne gidan mutumin da ba don shi ba da yawancin labaran nan ba su iso mana ba, wato Snorri Sturluson na Reykholt. Reykholt yana arewa da Reykjavik, tafiyar kusan kilomita 100, hanya ta bi ta ramin da aka haƙa a ƙarƙashin teku ta fito cikin kwari mai ciyawa da dawaki gajeru masu gashi buzu-buzu. Kafin a isa akwai Deildartunguhver, maɓuɓɓugar da ke fitar da ruwa mai tafasa kimanin lita 180 a kowace daƙiƙa, tururi ya rufe hanya, warin ƙibiritu ya cika mota. Reykholt ɗin kuwa ƙauye ne da ba ya cika ido: coci biyu, tsohuwa da sabuwa, ɗakin karatu, da mutum-mutumin Snorri Sturluson da Norwe ta ba da kyauta aka kafa a 1947. A bayan gine-ginen akwai ɗan kududdufin wanka da aka zagaye da duwatsu, ruwan zafi na shiga ta magudana, ga wata ƙofar katako da ke buɗewa cikin hanyar ƙarƙashin ƙasa zuwa inda gidansa yake a da.

An haifi Snorri a 1179. Attajiri ne, ɗan siyasa, sau biyu ana ba shi muƙamin mai faɗin doka a majalisar ƙasar, kuma mai son abin duniya ne ƙwarai, ya aurar da 'ya'yansa mata inda yake hangen riba. Kirista ne, domin ƙasar ta bar gumaka tun wajen shekarar 1000. Me ya kai shi rubuta labarin gumaka wajen 1220? Waƙa. Mawaƙan fada na wancan zamani ba sa kiran abu da sunansa, sai su yi masa kirari, kamar yadda maroƙi a wajenmu zai kira basarake da wani take da sai wanda ya san tarihin gidan zai gane. Snorri ya ga matasa sun fara manta labaran da ke bayan kirarin, waƙa na neman zama gwaranci, sai ya rubuta musu littafin koyo. Don ya kauce wa zargi ya fara da bayanin cewa gumakan nan mutane ne da suka yi ƙaura daga birnin Troy, jahilai suka bauta musu.

A nan zobe ya shigo, irin wanda ke cikin labaran Tolkien. Mawaƙa suna kiran zinariya diyyar karen ruwa, Snorri ya tsaya ya faɗi dalili. Gumaka uku, Odin da Loki da Hoenir, suna tafiya, Loki ya jefi wani karen ruwa da dutse ya kashe, suka feɗe shi. Da suka sauka gidan wani manomi mai suna Hreidmar, ashe ɗansa ne da ya rikiɗa. Ya ɗaure su, ya yanka diyya: a cika fatar da zinariya, a kuma lulluɓe ta da ita. Loki ya tafi ya kama wada Andvari ya ƙwace masa dukiyarsa kakaf, har da wani ɗan zobe da ya ɓoye yana roƙon a bar masa. Andvari ya tsine wa zoben, ya ce ajali ne ga duk mai riƙe shi. Odin ya ga zoben ya yi masa kyau ya soke, amma da aka lulluɓe fatar, Hreidmar ya duba ya ga gashin baki guda ɗaya a waje, dole aka rufe shi da zoben. Ba a daɗe ba 'ya'yansa suka kashe shi saboda dukiyar, ɗayansu Fafnir ya kori ɗan'uwansa ya rikiɗa ƙaton maciji ya kwanta a kanta, har jarumi Sigurd ya haƙa rami ya laɓe ya soke shi ta ciki.

Kayan aikin Tolkien ke nan a shimfiɗe: zoben da ke cin mai shi, ɗan'uwa ya kashe ɗan'uwa a kansa, maciji kwance kan zinariya da rauni a ciki. Duk da haka ban yarda da masu cewa kwafa ya yi ba. Zoben Andvari labarin diyya ne da gado da haɗamar cikin gida, ba wanda ya nemi mulkin duniya da shi, kuma ba wanda ya taɓa tunanin ya lalata shi. Jarumin da zai sha wahalar tafiya don ya je ya zubar da dukiya a wuta, da mutanen Snorri sun ji, da sun ce ya taɓu. Wannan ƙarin na Tolkien ne, shi da ya ga Yaƙin Duniya na Ɗaya a ramukan Somme a 1916.

Snorri da kansa irin ƙarshen mutanen labarinsa ya yi. Ya saɓa wa Sarki Hakon na Norwe, ya baro ƙasar ya dawo gida bayan an hana shi. Sarki ya aiko da takarda ga Gissur Thorvaldsson, wanda ya taɓa auren 'yar Snorri. A watan Satumba na 1241 Gissur ya zo Reykholt cikin dare da mutanensa, suka tarar da tsohon ya ɓuya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, suka sare shi yana da shekara 62. Sarki ya ce dukiyar Snorri ta zama tasa, kuma a 1262 Aislan ta fara yi wa Norwe mubaya'a.