Masu Sukar Kifi a Tsibirin Pemba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in ba 'yan'uwa labarin wani tsibiri inda na zauna wata biyar. Sunansa Pemba, yana cikin Tekun Indiya, kamar mil 30 daga gaɓar Tanzaniya. Shi da Unguja su ne Zanzibar, wadda ta haɗu da Tanganyika a 1964. Larabawa suna ce masa Koren Tsibiri saboda itatuwa, yawancinsu kanumfari. Mutanensa Musulmi ne, harshensu Suwahili.

Abin da na fi sa wa ido shi ne sukar kifi. Samari su kan shiga wani siririn kwalekwale da a ke kira ngalawa, su tafi inda duwatsun murjani su ke. Kowa na da tabarau na nutso da wani makami na katako mai robar taya, wanda ke harba tsinken ƙarfe. Suna kiransa bunduki, watau bindiga. Mutum ya cika ƙirjinsa da numfashi, ya nutse, ya laɓe bayan dutse kamar maharbi a daji, sai kifi ya juyo da gefensa sa'an nan ya saki. Wanda ya yi gaggawa ya taso hannu wofi.

To, jama'a, kada ku zaci kowa ke yaba musu. Dokar Zanzibar ta hana wannan bindiga, dattawa masu kafa gura kuma ba su ƙaunarta ko kaɗan. Hujjarsu ita ce gura tana jiran abin da ya shigo, amma mai bindiga zaɓe ya ke yi, manya ya ke ɗauka, su ne kuwa masu yawan ƙwai. Samarin su ma da tasu hujja: koma da injin jirgi sai mai kuɗi, katako da roba kuwa ko maraya ya samu. Ni dai na ga kowanne da gaskiyarsa, amma ta dattawa ta fi nauyi, gama yaron da ya kwashe iyayen kifi bana shi zai rasa na miya baɗi. Baƙon da ya zo harbi don nishaɗi kuwa, za a gaishe shi da fara'a, a ba shi shayi, amma ba mai nuna masa inda kifi ke kwana.

Akwai wata dabbar teku mai hannu takwas, sunanta pweza. Idan ruwa ya janye ƙwarai, a tsayuwar wata da tsakiyarsa, mata su kan bi duwatsu da ƙafa, suna zaƙulo ta daga rami da tsinke. Da ta soma ƙaranci, mutanen Kisiwa Panza, a kudancin Pemba, suka yi shawara a 2015 suka rufe wani yanki wata uku, ba mai taɓawa. Dabbar tana da saurin girma, da ƙyar ta ke kai shekara biyu a duniya, don haka ranar buɗewa aka kama manya. Wanda ya san yadda Sarkin Ruwa ke hana su a Argungu har ranar da za a buɗe, ba zai yi mamaki ba. Waɗansu ƙauyuka kuma suka ɗauka.

Yamma da Chake Chake akwai ɗan tsibiri, Misali, wanda aka keɓe a 1998. Sun ce sunan daga msala ya fito, watau abin salla, wai wani bawan Allah ya yi salla a kansa. A can malamai ne suka shiga maganar, suna karantar da masunta cewa teku amana ce, da yawa kuma suka bar kamun ɓarna saboda wa'azi, abin da tsoron tara bai sa su bari ba.

Wassalam.

Naka,
Wani Matafiyi