Watan Tasawa

Kakata ta shekara fiye da 40 a Lome ba ta yarda cewa watan da ke fitowa a Agbalepedo shi ne wanda ta baro a Tasawa ba. "Na can ya kai faifai," in ji ta, "na nan kuwa ƙwandala ce." Ina yaro nakan yi dariya, in ce tsufa ne. Sai ta harare ni ta ce, "Maigida, me ka sani? Kai da aka haifa a bayan tasha."

Na daɗe kafin in gane tana da hujja. Gidanmu yana kusa da inda motocin Sokode da Dapaong ke lodi, benaye da katangu sun tare mana gabas. Wata ba ya leƙo tsakar gidanmu sai ya yi sama sosai, shi kaɗai tilo. A Tasawa kuwa, daren sha huɗu, tana ganinsa tun yana ɓullowa daga ƙarshen gonaki, jajawur, a bayan gawo da rumbuna. A nan ne yake cika ido.

Shi watan bai ƙaru ba. Tsakaninmu da shi kimanin kilomita 384,000 ne, kuma sa'ad da yake fitowa ya ma fi nisa da mai kallo da wajen kilomita 6,000 a kan sa'ad da yake tsaye bisa kai. Mutanen da sun ɗora abin a kan tururin da ke cikin iska. Ibnul Haisam, malamin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya mayar da shi ga mai kallo a cikin Kitabul Manazir: idan ido ya bi ƙasa, gona bayan gona, kafin ya kai ga wata, sai hankali ya ɗauke shi a can nesa ƙwarai, ya kuma yanke cewa abin da ke nesa haka amma ya fito sarai, lallai ƙato ne. Mai shakka ya miƙa hannu ya tare watan da kan ƙaramin yatsa: yadda ya rufu a sama, haka zai rufu a ƙasa.

Shekara guda kafin rasuwarta, Allah ya jiƙanta, na ɗauki tasi na kai ta bakin teku da magariba. Wata ya fito ta wajen tashar jiragen ruwa, tsakanin itatuwan kwakwa, jibgege. Ta daɗe tana kallo, ba ta ce uffan ba. Na ɗaga hannu zan nuna mata dabarar yatsa, sai na mayar da shi aljihu.

Muna hanyar komawa ta taɓa ni ta ce, "Maigida, ashe yana zuwa nan ma."