Daga Barmu Zuwa Tsibiran Ayoru a Cikin Ƙaramin Jirgi

Mu mutanen Adar tafiya ba baƙuwarmu ba ce. Da an kai gero rumbu sai samarin Barmu su ɗaure kaya su tafi bida, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya. Amma a ce mutum ya kashe kuɗin mota don ya je kallon dabba kawai, ba fatauci ba, ba ziyarar dangi ba, wannan ba a saba ji ba a garinmu. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya, da na ƙoramar da ke cika da damina ta ƙafe kafin kaka. Babban ruwan da na taɓa gani shi ne tafkin Tabalak. Dorina kuwa sai a tatsuniya da littafin lakwal. Shi ya sa da sanyin wata shekara, tun kafin tsaro ya taɓarɓare a jihar Tilaberi, na ƙudura a raina sai na je Kogin Isa na gan ta da idona.

Hanyar doguwa ce amma sananniya. Daga Barmu na sauka Tawa, na shiga kar ta asuba, muka ratsa Badagishiri da Tsarnawa muka faɗa babbar hanya. Birnin Kwanni, Dogon Dutsi, Doso, sannan Kure, inda raƙuman dawan Afirka ta Yamma na ƙarshe suke kiwo a cikin gonakin mutane. A 1996 ba su wuce 50 ba, amma da aka tsaya musu sun haura 600 cikin shekara 20. Daga Tawa zuwa Yamai kusan kilomita 550 ne, daga Yamai zuwa Ayoru kuma wajen 200, ana bin gaɓar kogi ta Tilaberi har kusa da iyakar Mali.

Na daidaita isowata da kasuwar Lahadi. Tun hantsi bakin ruwa ya cika: Sanwayawa da buhunan shinkafa, Buzaye da raƙuma, Fulani da shanu da nono, matan tsibirai da busasshen kifi da tabarmi. A nan ne na tsaya zaɓen jirgi, kuma wannan zaɓe shi ne ƙashin bayan tafiyar duka.

Jirage iri uku ne a gaɓar. Akwai manyan jiragen inji na ƴan kasuwa, dogaye, waɗanda ake lodawa mutane da buhuna da awaki har bakin katako ya kusa shan ruwa. Kuɗinsu kaɗan ne, amma ba sa tsayawa don kowa, kuma yawancin haɗarin da ake ji a kogin nan daga irin wannan lodi yake fitowa. Akwai matsakaita masu rumfa da kujeru, waɗanda aka tanada don baƙi, suna zagayawa da mutum goma ko fiye su dawo kafin shayi ya huce. Sai kuma ƙananan kwale-kwalen masunta, na katako, ba inji, sai filafili da doguwar gora.

Wani dattijo daga cikin Sarkawan wurin yana zaune yana ɗinkin koma. Ya iya Hausa sosai, domin ya yi shekaru yana su tare da mutanen Yawuri. Na gaishe shi na faɗa masa buƙatata. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, dorina kake son gani, ko so kake a ce ka zo Ayoru?”

Na ce, “Baba, ganinta nake so.”

Ya ce, “To inji ba naka ba ne. Inji yakan kai mutum inda dorina ta tashi.”

Na yi masa tambayoyin da duk mai shiga ruwa ya kamata ya yi. Mutum nawa jirgin ke ɗauka? Ya ce huɗu, amma uku za mu shiga: ni da shi da ɗansa. Akwai rigar ruwa? Ya aiki yaron ya aro mini guda. Yaushe za mu fita? Ya ce ba da rana tsaka ba, sai da asuba, lokacin da dabbar ke dawowa daga kiwo. Yaya kusa za mu je? Ya ce iyakar inda shi ya ga dama, kuma in na matsa masa zai juyo da ni. Wannan amsa ta ƙarshe ita ta sa na amince da shi. Mai jirgin da ya yi maka alkawarin kai ka har gaban hancin dorina, ranka yake sayarwa tare da nasa.

Da la'asar, kasuwa na watsewa, ya ɗaura kwale-kwalensa a bayan wani jirgin inji mai komawa tsibirai, aka ja mu muka haura ruwa wajen Firgun. Sanyi lokacin cikar kogi ne a nan, domin ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini da damina yakan daɗe yana ratsa fadamun Mali, sai Disamba da Janairu yake isowa Nijar. Rassan da ke bushewa da bazara duk sun cika, ƙaramin jirgi yana iya kutsawa tsakanin tsibiri da tsibiri. Muka kwana a gidan ƙanwarsa. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa. Cikin dare na ji wani gurnani mai nauyi yana tahowa ta kan ruwa, wani ya amsa daga nesa. Mai gidan ya ɗauki fitila da gwangwani ya nufi gonarsa. Haka yake kwana tun da shinkafa ta fara nuna.

Bayan sallar asuba muka tura jirgi. Dattijon yana baya da filafili, ɗansa yana gaba da gora, ni a tsakiya an ce kada in miƙe tsaye ko me na gani. Rashin inji ya buɗe mini kunne. Ina jin kifi yana fantsama, ina jin kirinjijiya tun kafin garkensu ya taso daga cikin burgu, ciyawar ruwan nan mai zaƙi da shanu da dorina ke rububi. Zalɓe yana tsaye a kan dutse bai ko motsa ba har muka gifta. Belbelu sun rufe wata bishiya fari fat. Akwai kuma ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu, waɗanda ke gudo sanyin Turai su ƙetare Sahara su yi watanni a nan. Dattijon ya nuna mini inda aka tattake burgu aka yi hanya mai faɗi daga ruwa zuwa tudu. Ya ce ba a tsayar da jirgi a bakin irin wannan hanya, domin dorinar da ta makara a tudu ba ta kauce wa kowa in za ta koma ruwa.

Can sai ya daina tuƙi, ya ƙwanƙwasa gefen jirgi da filafili. Ya ce sallama ce: dorina ba ta son a zo mata ba zato. A gabanmu, inda na ɗauka duwatsu ne, sai kunnuwa suka kaɗa. Kai ya fito, wani ya biyo, sannan wani gadon baya mai sheƙi kamar randar da aka kife. Suna fesar da numfashi, su nutse, su ɓullo a wani wuri. Wata uwa tana gefe, ɗanta ya ɗora haɓa a wuyanta. Babban namijin ya wage baki har na ga haurensa. Dattijon ya ce ba hamma ba ce, gargaɗi ne, ya ja mu baya kaɗan ya riƙe jirgin a inda ruwa bai da zurfi. Muka daɗe a nan, ba wanda ya yi magana.

Dabba ce da kan kai tan 1 da rabi, manyan maza har su ninka haka. Tana iya yin minti 5 a ƙarƙashin ruwa, kuma a dare guda takan ci ciyawa wajen kilo 40. Wanda ya san wannan lissafi zai gane abin da ya hana mai masaukina barci. Muna nan sai ga jirgin baƙi mai rumfa ya taho da ƙararsa. Kafin ya iso garken ya nutse gaba ɗaya. Suka ɗauki hoton ruwa suka juya.

A hanyar dawowa dattijon ya ba ni labarin kakanninsa, waɗanda ke farautar dorina da mashi daga cikin jirgi. Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki irin wannan farauta a fim a wannan yanki a farkon shekarun 1950, kuma a ƙasarmu ta Tawa ya rasu, a haɗarin mota kusa da Kwanni a 2004. Yanzu doka ta hana farautar. Ya ce ayu ma yana nan, sai dai shi da kansa yakan shekara bai gan shi ba. Da na tambaye shi batun madatsar Kandaji, wadda Shugaba Tandja Mamadu ya aza harsashinta a 2008 a ƙasan Ayoru, sai ya nuna tsibiran da hannu. In ta cika, ruwa zai haɗiye da yawansu, kuma dubun dubatar mutane za su tashi. Ƙasa na buƙatar wuta da ruwan noma, kuma masu shekaru ba su manta 1985 ba, shekarar da kogin ya daina gudu a Yamai. Amma sanin da ke kan wannan dattijo na tsibiran nan ne, ba a iya kwashe shi a mota a kai sabon gari.

Ba mu kaɗai muka gano amfanin ƙaramin jirgi ba. A tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado ba a yarda jirgin yawon buɗe ido ya ɗauki fiye da mutum 100 ba. A Antatika ma ba a sauke fiye da 100 a tudu a lokaci guda. Dalilin ɗaya ne da na Baba: yawa da hayaniya suna korar abin da aka zo gani.

Akwai kuma dalili na biyu na zaɓen ƙaramin jirgi, wanda ya fi damuna. A 2017 labari ya zo cewa mutanen ƙauyukan yankin Ayoru sun kashe dorina fiye da 20, saboda ɓarnar gonaki da kifar da jirage. A shekarar ce gwamnati ta keɓe wa dorina wurin kariya a wannan sashe na kogi. Na yi baƙin ciki, amma ban iya zagin manoman ba, domin na ga mutum yana kwana a gona da gwangwani. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuɗin da na biya ya shiga hannun masunci, na kwana da na abinci ya shiga hannun ƙanwarsa. In dorina tana kawo wa gida wani abu, gidan zai yi haƙuri da ita. In asara kawai take kawowa, takarda daga Yamai ba za ta tsare ta ba.

Yau hanyar Ayoru ba ta biyuwa don yawo, kuma ba zan ce wa kowa ya jefa kansa cikin haɗari ba. Masu jiragen da ke ci daga baƙi su ne suka fara jin jiki. Ina roƙon Allah ya dawo da zaman lafiya a Tilaberi da Tawa baki ɗaya. In ya dawo, ina kira ga ƴan'uwana Adarawa, mu da muka san Abijan fiye da kogin ƙasarmu, mu je mu gani. Wanda ya je ya nemi ƙaramin jirgi da dattijon da aka haifa a tsibiri, ya sa rigar ruwa, ya fita da asuba, ya biya ba tare da ƙwauro ba, kuma in an ce masa nan ne iyaka, ya tsaya a nan.