Daga Madrid Zuwa Garnada da Guzurin 'Yan Kalmomi

Wanda ya shirya tafiya Sifaniya yana taƙama da Turancinsa, gara ya sake shiri. A filin jirgin sama na Barajas da manyan otal-otal na Madrid za a ji shi, amma da zarar ya shiga unguwa, wurin mai burodi ko direban bas ko tsohuwar da ke sayar da kayan miya, Turanci ya daina yi masa rana. Na ji haka daga bakin waɗanda suka riga ni zuwa, shi ya sa kafin in tashi na sami ɗan littafin rubutu na cika shi da gaishe-gaishe, da tambayar hanya, da tambayar kuɗin kaya, da abin da Musulmi zai faɗa idan ya shiga gidan abinci. Da wannan guzurin na ratsa daga Madrid zuwa Kordoba, wadda littattafanmu ke kira Ƙurɗuba, sannan na ƙarasa Garnada.

Bahaushe ya ci sa'a wajen furta Sifaniyanci. Wasulansu biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda muke karanta su a boko haka suke karanta su. Harafin r ɗinsu mai kaɗa harshe ne, irin namu na cikin “biyar”. Abubuwa kaɗan ne mutum zai kiyaye. Ba a furta h sam, don haka hola, wato sannu, “ola” ake cewa. Harafin j daga maƙogwaro yake fitowa, wanda duk ya yi makarantar allo ya san shi a Larabci. Idan an haɗa l biyu sai a karanta su kamar y, shi kuwa n mai ɗan rawani a ka, ñ, “ny” ne.

Abin da ya fara burge ni a Madrid shi ne ba a shiga wuri shiru. Ka shiga kantin magani, ka shiga wurin mai burodi, ko na'urar hawa bene ta haɗa ka da wanda ba ka taɓa gani ba, sai an ce buenos días, ina kwana ke nan. Sai dai safiyarsu doguwa ce. Ba su cin abincin rana sai wajen ƙarfe biyu ko uku, kuma kafin lokacin buenos días ake ta yi. Bayan an ci sai a koma buenas tardes, ina wuni, har duhu ya shiga, sannan buenas noches. Abincin dare kuwa sai ƙarfe tara ko goma. Gaisuwar gajeriya ce, ba a tambayar gida da iyali da gajiya. Mutum zai ce ¿qué tal?, yaya dai, ka ce bien, gracias, lafiya lau, na gode, shi ke nan kowa ya kama gabansa. Da za a rabu a ce hasta luego, sai an jima, ko da kuwa kowa ya san ba za a sake haɗuwa ba har abada. Wannan ta kwanta mini a rai ƙwarai.

Suna da tú da usted, kamar yadda muke ce wa sa'a “kai”, mu ce wa babba “ku”. 'Yan Madrid sun fi sakewa da tú, har mai shago zai kira ka da ita daga ganin farko. Ni dai duk wanda na ga furfura a kansa usted nake ce masa, in kira shi señor, mace kuma señora, kuma ban ga wanda ya ɓata fuska ba.

A kasuwar Antón Martín, daf da unguwar Lavapiés inda 'yan Senegal da Maroko da Bangaladesh suke da yawa, na ga yadda ake bin layi ba tare da an jeru ba. Mutane na tsaitsaye barkatai gaban mai kayan marmari. Wata mata ta iso da jakarta mai taya, ta ɗaga murya ta ce: ¿Quién es el último? Wato wane ne na ƙarshe? Wani dattijo ya ɗaga yatsa ya ce yo, ni ne. Daga nan shi kaɗai take kallo, in an sallame shi ita ce. Na bi sahunsu na yi tambayar, matar ta waiwayo ta amsa mini. Da aka zo kaina na ce medio kilo de naranjas, por favor, rabin kilo na lemo, don Allah. Mai kayan ya auna, ya ce ¿algo más?, da sauran wani abu? Na ce nada más, shi ke nan. Tambayar kuɗi ita ce ¿cuánto cuesta?, nawa ne, amma a nan ba a tayi, abin da aka rubuta a allon shi za ka biya. Wanda zai koyi ƙirga ya kasa kunne wajen sesenta da setenta, ta farko 60 ce, ta biyu 70, kuma a bakin mai sauri kusan ɗaya suke. Kalmar da na fi ji a kasuwar nan, da ma ƙasar baki ɗaya, ita ce vale, “to” ɗinsu ke nan.

Daga tashar Atocha na shiga jirgin ƙasa mai gudun tsiya da suke kira AVE, wanda aka buɗe layinsa na kudu a 1992. Bai cika awa biyu ba muka isa Kordoba, bayan mun wuce filayen La Mancha da duwatsun Sierra Morena.

A nan na gane cewa yin tambaya ba shi ne wahala ba, jin amsar ne. Na tsayar da wata tsohuwa da ke dawowa daga cefane na ce: Perdone, señora, ¿dónde está la Mezquita? Gafara dai, baba, ina masallacin yake? Da ta ji tambayar ta fito daidai, sai ta ɗauka na iya yaren, ta sako mini magana kamar ruwan Agusta. Ga shi mutanen Andalus suna haɗiye s ta ƙarshen kalma, gracias ta koma “grasia”, hasta luego ta koma “ta luego”. Da ta numfasa na ce: Más despacio, por favor. Hablo poco español. A hankali don Allah, Sifaniyancina kaɗan ne. Duk cikin littafina babu jimlar da ta yi mini amfani kamar wannan, kuma ita zan ce mai shirin tafiya ya fara haddacewa, tare da no entiendo, ban gane ba. Tsohuwar ta yi dariya, ta ajiye jakarta, ta sake daga farko tana nunawa da hannu: todo recto, miƙe sosai, a la derecha, dama, a la izquierda, hagu. Da ta ga lungunan sun yi yawa, sai ta ɗauki jakarta ta ce venga, zo mu je, ta raka ni har inda hasumiyar ta bayyana. Na ce muchas gracias, ta ce de nada, hijo, ba komai ɗana.

Abdurrahman na ɗaya ne ya fara gina masallacin wajen shekarar 785, waɗanda suka gaje shi suka yi ta faɗaɗa shi. A 1236 garin ya faɗa hannun Sarki Fernando na uku, aka mai da shi coci, daga baya aka gina babbar majami'a a tsakiyarsa, kuma yanzu ba a barin Musulmi su yi salla a ciki. Ginshiƙai ne ɗaruruwa, kowanne da baka biyu a kansa, ɗaya bisa ɗaya, ja da fari. Na tsaya gaban mihrabin na daɗe, ina tuna cewa Muwaɗɗa ɗin da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato ruwayar Yahaya bin Yahaya Allaisi ce, malamin wannan gari. Ban iya cewa komai ba a wurin, da Hausa ko da wani yare.

Wurin abinci ne Musulmi yake bukatar bakinsa fiye da ko'ina. Naman alade da suka busar, jamón, yana rataye a kusan kowane gidan abinci, kuma yana shiga inda ba ka zata ba. Akwai wani abincin Kordoba mai suna salmorejo, tumatir da burodi da tafarnuwa da man zaitun ake markaɗawa a sha da sanyi. Ba nama a cikinsa, amma da za a kawo sai a barbaɗa masa dafaffen ƙwai da jamón a sama. Don haka tun wajen oda ake cewa sin jamón, por favor, ban da jamón. Cewa no como cerdo, ba na cin alade, ba ta wadatar ba, domin wasu masu kawo abinci ba su lissafa ɗan abin da aka sa don ɗanɗano. Gara ka nuna abincin a takarda ka ce ¿lleva cerdo?, akwai alade a ciki? Miyar lentejas yawanci da chorizo ake dafa ta, wasu kayan zaƙi kuma da manteca ake yin su, kitsen alade ke nan, wasu miyoyin nama kuma da vino, giyar inabi. Da na ce wa wani saurayi mai kawo abinci soy musulmán, ni Musulmi ne, sai ya karɓi takardar ya bi ta da yatsa yana cewa esto sí, esto no, wannan e, wannan a'a. Ya tsayar da ni a kan soyayyen kifi, pescado frito, da yalo soyayye da aka zuba wa baƙar zumar rake, da wainar ƙwai da dankalin Turawa da suke kira tortilla. Wani da ke fita ya dube ni ya ce que aproveche, a ci lafiya. Idan ka gama ba za a kawo maka lissafi ba sai ka nema: la cuenta, por favor.

A teburin karin kumallo kunnen Bahaushe yakan tsinci nasa. Sukari azúcar ne, zaitun aceituna, shugaban gari kuma alcalde, tushensa ɗaya da alƙalinmu. Larabci ne ya ba mu, ya ba su, su ta hanyar zaman kusan shekara 800 da Musulmi suka yi a ƙasar.

Zuwa Garnada bas na hau. Un billete para Granada, solo ida, tikiti ɗaya, zuwa kawai. Hanyar duk itatuwan zaitun ne, jere reras har iya ganin ido. Fadar Alhambra sai wanda ya sayi tikiti tun da wuri yake shiga, kuma an rubuta masa lokacinsa. Garnada ce daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi a 1492. Garin Ibn Asim ne, mai Tuhfa ɗin da alƙalanmu suka daɗe suna aiki da ita, kuma garin Abu Ishaƙ Assahili, wanda ya biyo Mansa Musa daga aikin hajji ya zauna a Tumbutu har rasuwarsa. Na hau tudun unguwar Albaicín da ƙafa, ta lungun masu shayi, na yi la'asar a masallacin da aka buɗe a 2003, wanda ke fuskantar Alhambra. A sahun akwai 'yan Maroko da 'yan Senegal da 'yan ƙasar da suka musulunta, kuma a nan sallama ta ishe ni.

Da na sauko na zauna a wani ɗan shago na ce un café con leche, kofi da madara. Dattijon da ke kusa da ni ya dube ni ya ce ¿de dónde eres?, daga ina kake? Na ce soy de Nigeria. Sai ya bugi tebur ya ce “Ighalo!” Odion Ighalo ne ya ci ƙwallo a gidan Elche a 2011, ƙwallon da ta mayar da ƙungiyar Garnada rukunin farko na La Liga bayan shekara 35, kuma mutanen garin ba su manta ba. Dattijon ya miƙe yana nuna mini yadda aka yi, ya kauce wa mai tsaron gida da kafaɗa, ya buga da ƙafa a iska. Na ambaci Umar Sadiq, ɗan Kaduna da ya yi wasa a Almeriya, nan maƙwabtansu, ya ce muy bueno, gwani ne. Daga nan ya shiga ba ni labarin ɗansa da ke aiki a Jamus, na tsinci hijo da trabajo da Alemania, ɗa da aiki da Jamus, sauran ya wuce ni, ko da yake na roƙe shi ya sassauta kuma ya sassauta. Na so ƙwarai in ji ƙarshen labarin, don idonsa ya canza da ya zo kansa. Da na kira mai shagon in biya, dattijon ya riƙe mini hannu ya ce invito yo, ni zan biya, ya ajiye kuɗin kofi biyu a kan faranti.