Ranar Wanka Ba A Ɓoye Cibi

Akwai wani magatakarda a wani kamfani na birnin Ikko wanda ya shekara goma sha ɗaya yana shirya zauren taro. Da majigi ya fara, kullum yana jan igiyar HDMI daga wannan kujera zuwa waccan, manya na tuntuɓe da ita suna tsaki. Ana nan sai kamfani ya sayo wani ƙaton allo irin wanda ake sarrafawa da yatsa, aka kafa a bango, aka ce daga yau babu sauran igiya, hoto ta iska zai riƙa zuwa. Aka ɗora masa nauyin haɗawa, domin ba a taɓa ganin ya kasa ba.

Shi kuwa bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya bincika ya gane hanyoyin ba ɗaya ba ne. Akwai Miracast, wadda ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fito da ita a 2012, ita ce kwamfutoci masu Windows ke bi, tana kuma iya haɗa kwamfuta da allo kai tsaye. Akwai AirPlay ta kamfanin Apple tun 2010, da Chromecast na Google da ya fito a 2013, waɗanda galibi sai na'urar da allon suna kan layin Wi-Fi guda. Ya kuma gane cewa aika hoto daban, mayar da taɓi daban. A Miracast, in an danna maɓallin Windows da K aka zaɓi allon, akwai wani ɗan akwati da ake sa wa alama don a ba allon izinin sarrafa kwamfutar. AirPlay kuwa hoto da sauti kaɗai take kaiwa, ko an shekara ana dangwalar allo ba abin da zai motsa.

Ran taron daraktoci ya haɗa tasa kwamfutar, ya sa alamar nan, lissafin wata uku ya fito raɗau a bango. Shugaba ya tashi yana murmushi, ya kai yatsa zai nuna wani adadi, sai hannun rigarsa ya shafi kusurwar allo, shafin lissafi ya sauka. Abin da ke bayansa ya bayyana, wato takardar neman aiki da magatakardan ya rubuta wa wani kamfani daren jiya, ya manta bai rufe ba. Ga sunansa, ga albashin da yake roƙo, haruffa manya-manya. Zaure ya yi tsit. Shugaba ya mayar da lissafi da kansa, ya ci gaba da bayani kamar bai ga kome ba.

Da aka watse ya kira shi ofis, ya ce, "Malam, me muka yi maka?" Magatakarda ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ku yi mini kome ba. Kuɗin haya ne da na makarantar yara suka fi ƙarfin albashi." Shugaba ya yi shiru can, sa'an nan ya ce, "Da bakinka ya kamata in ji, ba a bango ba. Jeka, za mu duba. Amma ka tuna, da asirin kamfani ne ya fito haka gaban baƙi, da ba wannan maganar muke yi ba."

Wannan magana ita ta fi takardar hana shi barci. Ashe igiyar da aka raina tana da ranarta, don wanda bai riƙe ta ba ba shi da iko da bango. Yanzu kuwa duk na'urar da ta hangi allon tana iya nemansa, wanda kuma ke tsaye gabansa yana iya shiga kwamfutar mai zaune.

Tun daga ran nan ya kafa wa zauren ƙa'ida. Allo ba ya karɓar kowa sai an shigar da lambar da ya nuna. Baƙi suna da layin Wi-Fi nasu dabam da na ma'aikata. Mai gabatarwa zai rufe duk abin da bai shafi taro ba, ya danna Windows da P ya zaɓi faɗaɗa allo maimakon kwafinsa, don abin da ya tura bango kaɗai a gani. Izinin taɓi ba a ba da shi sai ana bukata. Akan gwada kome kwata kafin a zauna. Igiyar HDMI kuma tana nan cikin aljihun tebur tare da ta USB, domin HDMI ba ta ɗaukar taɓi, ga Wi-Fi kan yi nauyi in jama'a sun cika.

Har yanzu yana wurin, an kuma ɗan taɓa albashin. In sabon ma'aikaci ya zo da kwamfutarsa yana rawar jiki zai haɗa, yakan dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗan'uwa, duba abin da ka bari a buɗe tukuna." Allah Ya rufa asirin bayinSa, amin.