Lokacin da Muke Ajiya a Zaure

A shekarun da na fara rubuta manhaja da Python, akwai wata ɗabi'a da kusan kowa ke yi ba tare da ya tsaya tunani ba. Idan manhaja ta sha wahalar wani lissafi, ko ta daɗe tana jiran bayani daga intanet, sai a ƙunshe sakamakon a fayil a ajiye, don gobe kada a maimaita wahalar. Abin ƙunshewar shi ne pickle, layi biyu ka gama. Wurin ajiyar kuwa /tmp ne, foldar da duk mai asusu a kwamfutar ke da izinin rubutu a cikinta. Zauren gida ke nan, inda mai gida ke shiga, baƙo ke shiga, mai wucewa ma ya leƙa.

Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba. Na taɓa barin irin wannan ajiya a wata saba da mutane da yawa ke amfani da ita, da sunan fayil wanda kowa zai iya canka. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Haɗarin yana cikin yadda pickle ke aiki. Ba bayani zalla yake adanawa ba, umarni ne na yadda za a sake gina abin da aka ƙunshe, kuma cikin umarnin ana iya cewa a kira kowane aiki a kwamfutar. Don haka kwance ƙunshin daidai yake da bin umarnin wanda ya ɗaure shi. Wanda ya riga ka ƙirƙirar fayil mai wannan suna a zaure, manhajarka za ta ɗauka nata ne, ta kwance, ta aikata abin da ya rubuta da ikon asusunka. Gargaɗin yana nan ɓaro-ɓaro a takardun Python, mun kuma karanta shi. Sai dai mun ɗauka maganar saƙon da ya zo daga waje ake yi. Fayil da ke kan faifanmu, a ganinmu, ɗan gida ne.

Ba 'yan koyo kaɗai suka faɗa ramin ba. A 2013 an gano laburaren Suds yana ajiyarsa a /tmp ƙarƙashin suna sananne. A 2014 aka samu irin haka a Jinja2, laburaren da dubban shafukan intanet suka dogara da shi, kuma gyaran farko bai toshe ƙofar duka ba, sai da aka sake.

Wajen kwance ƙunshi kuwa, ɓarnar ta fi haka girma. A watan Janairun 2013 aka gano cewa Ruby on Rails na kwance ƙunshin YAML da baƙo ya turo, kafin watan ya ƙare aka kutsa RubyGems, rumbun laburaren Ruby, ta irin wannan hanya. A Janairun 2015, Chris Frohoff da Gabriel Lawrence suka nuna yadda ake harhaɗa sassan laburaren Apache Commons Collections su zama makami a Java. Maganar ta yi wata tara ba ta tayar da ƙura ba, sai a Nuwamba da Stephen Breen ya gwada ta a kan WebLogic, WebSphere, JBoss da Jenkins. Abin da ya fi damuna a labarin shi ne, laburaren bai yi wani abu da ya saɓa wa aikinsa ba. Zamansa a cikin manhajar kawai ya wadatar wa mai kutse. A Nuwamban 2016 aka kulle kwamfutocin hukumar sufurin birnin San Francisco, aka nemi fansar bitkoyin 100, fasinjoji suka yi ta hawa jirgi kyauta a ƙarshen makon. Injiniyoyin Google sun danganta kutsen da wannan ɓaraka, kuma tun kafin kutsen wajen hamsin daga cikinsu sun bi manhajoji kusan 2,600 suna aika musu faci ɗaya bayan ɗaya.

Gyaran asali ya zo a hankali, domin kowane sauyi na karya aikin wani. NumPy ya daina karɓar pickle kai tsaye a 2019. PyYAML ya fara jan kunne a shekarar, ya tilasta zaɓin hanyar kwancewa a 2021. PyTorch, wanda masu ƙirƙirarriyar basira ke musayar manyan fayilolinsa kamar goro a wurin biki, sai a Janairun 2025 ya sauya tsarinsa, shekara goma cif bayan jawabin Frohoff da Lawrence.

Tawa ajiyar na koma na gyara ta tun kafin nan. Na mai da ita JSON, wanda ba ya ɗauke da umarni, na ɗauke ta daga zaure zuwa foldar da asusuna kaɗai ke iya buɗewa. Aikin bai kai rabin sa'a ba, amma fayil ɗin ya shekara uku a /tmp kafin ranar.