Rabo Kafin Riba: Abin Da R.E.M. Ta Koya Mini

Wannan makon layi ya zo kaina.

A wani tsohon kaset na yayana na fara jin R.E.M. Ban san me suke cewa ba, muryar Michael Stipe ce kawai ta kama ni. Sai da na girma na bi tarihinsu, na tarar da abin da ya fi waƙar taɓa ni.

Su huɗu suka haɗu a garin Athens na jihar Jojiya, a Amurka, a 1980: Stipe, Peter Buck, Mike Mills da Bill Berry. Tun kafin kuɗi su zo suka yanke cewa duk waƙar da suka fitar, sunan su huɗun za ta ɗauka, a raba haƙƙinta daidai, ko wa ya kawo ta. Sun yi shekaru suna yawon wasa a ƙananan wurare, gidajen rediyon jami'o'i na saka su, kafin "Losing My Religion" ta game duniya a 1991.

A 1995 Berry, mai gangarsu, ya faɗi ana cikin wasa a Suwizalan saboda matsalar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. Ya warke, amma a 1997 ya ce ya gaji, ya koma noma, bisa sharaɗin sauran su ci gaba. A 2011, bayan kundi 15, suka rabu lafiya, babu kotu, babu tonon silili.

Mu ma mu huɗu muka buɗe shagon buga takardu. Ba mu rubuta komai ba, muka ce ai mu 'yan uwa ne. Ranar da kwangilar fastocin zaɓe ta faɗo, ni na fara cewa ni na kawo ta, don haka kasona ya fi. Cikin wata uku shago ya watse. Yau aminina na ƙuruciya, ko a jana'iza muka haɗu, musabaha ce kawai.

Da na ga su huɗun sun sake hawa dandamali tare a 2024, kai duk furfura, kunya ta kama ni. Na ci kasona tuntuni, kuɗin sun ƙare. Lambarsa tana nan a wayata. Bayan sallar Juma'a zan kira shi, ku taya ni addu'a ya ɗauka.

Masu shirin haɗa jari da abokai, ku zauna ku yi maganar rabo tun aljihu yana wayam.